Ranar da "Ɗaya" Ta Koma "Aya": Tsokaci a kan Harshen Python da Giɓin Bayaninsa

Wata Laraba da hantsi, a zauren taron ƙara wa juna sani na sashenmu, na tsaya gaban malamaina da 'yan uwana ɗalibai ina bayyana wani sakamako da nake alfahari da shi. Na shafe watanni ina tara rubuce-rubucen jaridun Hausa, na zuba su cikin kwamfuta, na sa ta ƙirga mini kalmomin da suka fi yawan fitowa. A jerin da ta fitar, kalmar "aya" ta haye can sama, ta wuce kalmomin da kowa zai zaci su ne a kan gaba. Ni kuwa na gina dogon bayani a kan haka. Na ce wannan shaida ce ta yadda addini ya ratsa harshen ɗan jarida Bahaushe, har ta kai ko labarin kasuwa yake bayarwa sai ya jawo aya. Na kawo tarihin makarantar allo, na kawo tasirin wa'azi da tafsirin watan azumi, na ɗaure zancen tamau.

Da na gama, sai wani dattijo cikin malamanmu, wanda ko wasiƙar intanet sai an buɗe masa, ya gyara zaman tabarau, ya daɗe yana duban takardar da na raba. Can ya ɗago ya ce, "Malam, na ga aya, Allah ya ƙara albarka. To amma ina ƙasa? Jaridar da za ta shekara tana fitowa ba ta ambaci ƙasa ba, a wace ƙasa ake buga ta?"

Aka yi dariya. Na bi jerin da ido daga sama har ƙasa. Babu ƙasa, babu ɗaya, babu ƙungiya, babu haɗari, babu ɓarawo. Babu kalma ko guda mai ɗauke da harafi mai ƙugiya. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Allah ya gafarta Malam, zan sake dubawa."

Wannan rubutu bayani ne na abin da na tarar da na sake dubawar. Na ga ya dace a ajiye shi a mujallar nazarin Hausa saboda ɗalibanmu da dama sun fara ƙirgar kalmomi da tsara ƙamus da irin kayan aikin da na yi amfani da su, kuma ramin da na faɗa yana nan a buɗe.

Abin da na dogara da shi

Kayan aikin nawa shi ne Python, ɗaya daga cikin harsunan tsara manhaja, wato tsararriyar hanyar rubuta wa kwamfuta umarni. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fara sakin sa a 1991, lokacin yana aiki a wata cibiyar bincike a birnin Amstadam. Harshe ne mai buɗaɗɗen tushe: kowa na iya sauke shi kyauta, ya karanta yadda aka ƙera cikinsa, ya gyara, ya raba wa wasu. Akwai gidauniyar da aka kafa a 2001 da ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, amma kaso mai yawa na aikin gyaransa da rubuta kundin bayaninsa 'yan sa-kai ne ke yi. Ɗalibi irina, wanda ba shi da dalar sayen lasisin manhaja, ba ya buƙatar a lallashe shi kafin ya rungumi irin wannan abu.

Dole kuma in yi masa adalci tun daga nan. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin da Amurkawa suka yi a shekarun 1960, mai suna ASCII, gurabe 128 kacal yake da su, kuma haruffan Ingilishi kaɗai ya tanada. Daga baya aka samar da Unicode, babban jadawalin da ke ba kowane harafi na rubuce-rubucen duniya lambarsa. A can ƙ take da lamba 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuma 599. Tun daga zubi na 3 da ya fito a ƙarshen 2008, Python yana ɗaukar duk wani rubutu a bisa wannan jadawali. Ya san cewa babbar ƙ ita ce Ƙ, babbar ɗ ita ce Ɗ. Kana ma iya raɗa wa ma'ajiyar bayani a cikin umarninka suna "ƙasa", ya karɓa ba gardama. Ranar da na fara ganin haka na ji kamar baƙo ya gaishe ni da Hausa, kuma daga nan na saki jiki da shi fiye da kima.

Inda haruffan suka shiga

Kwana uku na yi ina bin sawun ɓarnar. Aikin nawa hawa huɗu ne: a karanta rubutun, a share masa alamomin da ke kan wasula, a tace shi da jerin kalmomin Hausa da na tanada domin a zubar da Ingilishi da tarkace, sannan a ƙirga abin da ya rage. A hawa na biyu matsalar take.

Dalilin sharar shi ne, wasu rubuce-rubucen, musamman darussan harshe da waɗanda suka fito daga Nijar masu sunayen Faransanci, suna ɗauke da alamomi a kan wasula, ni kuwa ina son "kàsuwā" da "kasuwa" su zama kalma guda a wajen ƙirga. Na nemi dabara a intanet, na sami layi guda da mutane da yawa suka yaba. Dabarar ta dogara ne a kan cewa Unicode ya yarda a rubuta harafi irin "à" ta hanya biyu: ko a dunƙule da lamba ɗaya, ko a rarrabe, wato "a" daban, alamar karin sautin daban. Umarnin normalize yana rarrabe su. Daga nan sai a mayar da rubutun zuwa ASCII tare da zaɓin ignore, wanda ma'anarsa ita ce duk abin da bai sami gurbi ba a yar da shi. Wasalin ya tsira, alamar ta tafi. Na gwada da kalmomi biyar ko shida, ya yi daidai, na wuce. Babu mai ƙugiya a cikin kalmomin gwajin nawa.

Abin da ban sani ba shi ne, a wurin Unicode ƙ ba "k" ba ce da aka ɗora wa ado. Harafi ce dunƙulalliya wadda ba ta rarrabuwa, haka ma ɓ da ɗ da ƴ. Duk ɗalibin tsarin sauti zai ce wannan shi ne daidai, domin sautin ƙ dabam yake da na k, kuma shi ke raba "baƙi" da "baki". Amma da yake ba ta rarrabuwa, kuma ba ta da gurbi a ASCII, sai aka yar da ita ɗungurungum. Girmamawar da jadawalin ya yi wa harafin ita ce ta jawo masa halaka a hannun dabarar.

Haka "ƙasa" ta koma "asa", "haɗa" ta koma "haa", "ɓata" ta koma "ata". Da na ga waɗannan a jerin ƙarshe da na farga tun da wuri. Sai dai hawa na uku ya rufa wa na biyu asiri: da matacin ya duba bai ga "asa" a cikin kalmomin Hausa ba, sai ya zubar da ita a matsayin tarkace. Waɗanda suka tsallake su ne waɗanda yankewar ta mayar da su wasu kalmomin Hausa na gaskiya. "Ɗan" ya zama "an". "Ƙara" ta zama "ara". "Ƙwai" ya zama "wai". "Ɗaya" da "ƙaya" duka suka zube cikin "aya". Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "ƙi", domin da aka cire mata ƙugiyarta sai ta koma "i". Duk inda wani ya ƙi a cikin jaridun nan, kwamfutata ta rubuta cewa ya amsa.

Wani abin kunyar kuma, tun farko na zaɓi jaridun da ke kiyaye ƙa'idar rubutu ne kawai, na yi watsi da masu rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", har na soke su a babin farko na aikina. Su dai ƙugiya kaɗai suka yar. Ni na yar da ƙugiyar da harafin da ke ɗauke da ita.

Laifin wa?

Na kai ƙara wurin wani abokina na sashen kimiyyar kwamfuta, raina a ɓace, na ce na kama ƙwaro a cikin Python. Haka masu wannan sana'a ke kiran tangarɗar manhaja, har ma a 1947 an taɓa ciro faɗa-wuta na gaske daga cikin na'urar Mark II a Jami'ar Harvard aka manna shi a littafin aiki. Abokina ya duba layin, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan ba ƙwaro ba ne. Ka ce masa ya yar, ya yar. Me kake so ya yi?"

Ya buɗe mini kundin bayanin. Gaskiyarsa ce. An rubuta a fili cewa zaɓin ignore yana zubar da abin da bai dace ba, ba tare da wata sanarwa ba. A wani shafin kuma an yi bayanin yadda rarrabe haruffa ke aiki. Kowane shafi gaskiya ya faɗa. Abin da babu shi ne jimlar da za ta haɗa shafukan biyu ta ce: akwai haruffan da ido ke gani kamar masu alama ne, amma ba sa rarrabuwa, kuma wannan hanya za ta hallaka su. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Harafin ł na mutanen Folan da ø na mutanen Norwe su ma haka suke salwanta.

A nan na fahimci cewa masu sana'ar sun kasa matsaloli gida uku. Akwai ƙwaro, wato inda manhaja ta saɓa wa abin da aka ce za ta yi. Wannan ana gyara shi. Akwai ɗabi'a, wato inda ta yi abin ban mamaki amma da gangan aka tsara ta haka. Wannan sai dai ka saba da shi. Akwai kuma giɓin bayani, inda ta yi daidai, kundin ma bai yi ƙarya ba, amma ya yi shiru a daidai wurin da kake buƙatar ya yi magana. Abin da na lura da shi a watannin da suka biyo baya shi ne, iyakar da ke tsakanin gidajen nan uku tana matsawa gwargwadon harshen da kake rubutu da shi. Abin da yake ɗan ƙaiƙayi ga mai Ingilishi yana iya zama gyambo ga mai Hausa.

Sauran ɗabi'un da na ci karo da su

Da idona ya buɗe, sai na shiga gwada kowane umarni da kalmomi masu ƙugiya kafin in yarda da shi. Ga kaɗan daga abin da na gani.

Na farko, jeranta kalmomi. Umarnin sorted yana bin lambobin haruffa ne, ba abajadin kowa ba. Harafin z lambarsa 122, don haka duk masu ƙugiya bayansa suke zuwa, kuma a can ma ba bisa tsarinmu ba: ƙ ce farko, sai ƴ, sai ɓ, sai ɗ. Wanda ya tsara ƙaramin ƙamus da shi zai tarar da "ɓera" a bayan "zomo", "ƙofa" kuma ta riga "ɗaki". Kundin ya nuna hanyar jerantawa bisa harshen yanki, amma wannan ya danganta da abin da aka girka a kwamfutar da kake aiki da ita, don haka abin da ya yi daidai a tawa yana iya rikicewa a taka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, maganin yana nan a wani wuri: a taskar bayanan harsuna ta Unicode mai suna CLDR an riga an rubuta jerin abajadin Hausa, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, har da sh da ts. Wani ya zauna ya yi wannan aiki. Sai dai babu abin da zai kai sabon ɗalibi can daga shafin da yake karantawa.

Na biyu, hamza. Umarnin title yana mayar da harafin farkon kowace kalma babba, kamar yadda ake yi a kanun labarai. Da ya ga alamar hamza sai ya ɗauka kalma ta ƙare, wata ta fara. Saboda haka "jama'a" ta fito "Jama'A", "ma'ana" ta fito "Ma'Ana". A nan kundin bai yi shiru ba. Ya yi gargaɗi, ya kawo misali da gajerce-gajercen Ingilishi, ya kuma ba da shawarar a yi amfani da wani umarni mai suna capwords. Na gwada shi, "Jama'a" ta gyaru. Amma da ya zo kan "'yan" sai ya bar ta da ƙaramin harafi, domin a wurinsa hamzar ce harafin farko, ita kuwa ba ta da babba. Na farkon ya iya "'Yan" ya kasa "Jama'a", na biyun ya iya "Jama'a" ya kasa "'Yan". Kanun labari mai sauƙi irin "'Yan Jami'a" babu wanda zai rubuta shi daidai a cikinsu. A Ingilishi wannan alama ta gefe ce, a Hausa kuwa baƙi ce mai cin gashin kanta. 'Yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y sun kuɓuta daga rabin wannan wahala.

Na uku ya shafi masu nazarin karin sauti kai tsaye. Ƙamusoshin da ke nuna lafazi sukan sa gicciyayyen layi a kan dogon wasali, su sa alamar karin ƙasa a samansa. Unicode yana da dunƙulallen harafi na ḕ da na ṑ, amma ba shi da na ā̀ ko ī̀ ko ū̀. Waɗannan dole alamar karin ta zauna a matsayin lamba mai zaman kanta. Alamar \w, wadda ake amfani da ita wajen tsinto kalmomi daga cikin rubutu, ba ta ɗaukar irin wannan alama a matsayin ɓangaren kalma. Sakamakon haka, kalma mai dogon "o" da karin ƙasa za ta fito lafiya, mai dogon "a" da karin ƙasa kuwa ta tsinke biyu. Kundin ya ce \w na kama haruffa da lambobi, kuma haka ne. Bai ce alamar karin sauti ba ta cikin haruffa ba. Masu rubutun Hindi, waɗanda yawancin wasulansu alamomi ne da ake liƙa wa baƙaƙe, sun daɗe suna kuka da wannan, kuma akwai wata manhajar ƙari mai suna regex da ke ɗaukar alamomin a matsayin ɓangaren kalma.

Na huɗu shi ya koya mini darasin da ya fi kowanne. Wata abokiyar karatuna ta karɓi umarnin nawa ta gwada a kwamfutarta mai Windows. Ban faɗa wa Python tsarin da zai bi ya karanta fayil ba, domin a tawa kwamfutar yana zaɓar UTF-8 da kansa, wato tsarin da aka fi adana rubutun Unicode da shi. A tata kuwa, da yake an saita ta da Ingilishi, sai ya zaɓi wani tsohon tsari na harsunan Yammacin Turai. Nan take ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa ganin wannan birkitaccen rubutu. Aikin ya ci gaba da tafiya a haka ba tare da ƙorafi ba, har ya iso kan wani kanun labari da ya fara da "Ɓarayi". A nan ya tsaya cak, ya fitar da saƙon kuskure, saboda ɗaya daga cikin lambobi biyun da ake adana babbar Ɓ da su ba ta da ma'ana ko kaɗan a tsohon tsarin. Ta kira ni tana faɗa, wai abin nawa ya lalace. Ni kuwa godiya na yi wa ɓarayin nan. Da ba su tsayar da aikin ba, da ita ma ta kai nata jerin gaban malamai. Masu kula da harshen sun riga sun amince cewa daga zubi na 3.15 UTF-8 zai zama zaɓin farko a ko'ina, amma kwamfutocin ɗalibanmu za su daɗe suna ɗauke da tsofaffin zubi.

Tun daga ranar na daina jin haushin jan rubutun kuskure. Kuskuren da ya yi ihu ya tsayar da kai, ɓata maka yini kawai zai yi. Wanda ya yi shiru ya miƙo maka kyakkyawan jadawali, shi ne zai bi ka har cikin kundin digirinka.

Shirun kundin bayani

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa kundin da ya kai wannan girma, wanda aka yi shekaru fiye da talatin ana gyara shi, zai bar irin waɗannan giɓoɓi. Amsar da na tsaya a kai ita ce, mai rubuta bayani yana rubuta abin da umarni ke yi ne, sannan ya kawo misali daga abin da ya taɓa cizon sa. Wanda ya rubuta gargaɗin title ya tuna da gajerce-gajercen Ingilishi domin su ne a bakinsa. Ba zai tuna da "jama'a" ba. Ba kuma adalci ba ne a nemi ɗan sa-kai da ke zaune a Holan ko Jamus, yana wannan aiki da daddare bayan ya tashi daga wurin neman abincinsa, ya san cewa "ɗaya" na iya komawa "aya". Harsunan duniya dubbai ne, babu kundin da zai ɗauke su duka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma wannan karin magana tana da nauyin da take ɗora wa mai ɗakin. A manhajar da kamfani ke sayarwa, in ka ga giɓi sai dai ka yi ƙorafi ka jira. A mai buɗaɗɗen tushe ƙofar a buɗe take. Tun 2022 ana karɓar rahoton matsalolin Python a dandalin GitHub, inda kowa ke iya rubutawa, kuma gyaran jimla guda a kundin bayani gudummawa ce da ake karɓa kamar kowace. An fassara kundin zuwa Faransanci, Sifaniyanci, Japananci, Koriyanci, Sinanci da wasu harsunan, duk da hannun masu harsunan. Da na duba jerin ban ga Hausa ba, kuma babu wanda ya hana. Haruffan nan masu ƙugiya ma ba daga sama suka faɗo ba. A farkon rubutun boko an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa, kafin ƙugiya ta zauna a shekarun 1930, kuma sai da aka tanadi haruffan a maɗaba'a kafin a iya buga su. Kowane zamani da na'urarsa, kuma kowace na'ura sai an sami wanda ya zauna ya koya mata.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na kwafi layin da ban fahimta ba. Na gwada shi da kalmomin da ba za su iya tona shi ba. Mafi muni, da sakamakon ya fito na ƙaunace shi, saboda ya yi daidai da abin da nake son faɗa tun kafin in fara ƙirga. Da kwamfutar ta ce mini "aya" ba ta fitowa ko kaɗan, da na bincike ta har cikin hanji. Da yake ta faɗi abin da ke daɗaɗa mini, ko tambaya ɗaya ban yi mata ba. Shirun kundin ya haɗu da son zuciyata, su biyun suka haifi shafuka bakwai na bayani a kan abin da bai taɓa faruwa ba.

Abin da na yi daga baya

Gyaran kansa bai fi layi uku ba: a rarrabe haruffa, a cire waɗanda Unicode ya lasafta a matsayin alamomin liƙawa kaɗai, a sake haɗe sauran, ba tare da an bi ta ASCII ba. Na kuma sa matacin ya riƙa ajiye duk abin da ya zubar a fayil dabam, domin in riƙa dubawa da idona. Da na yi haka tun farko, da tulin "asa" ya tare ni a rana ta farko.

Sannan na tsara ɗan jerin kalmomin gwaji da nake bi da kowane sabon umarni ta kansu kafin in ba shi amana: ƙi, ɗaya, ƙwai, Ɓarayi, jama'a, 'ya'ya, ƴaƴa, da kalma guda mai dogon wasali da karin ƙasa. Idan suka shiga suka fito yadda suke, sai in ci gaba. Na rubuta bayanin wannan duka da Hausa a shafi biyu, na ba ɗaliban da ke bayana, na kuma kai wa abokina na sashen kwamfuta. Ya karanta ya ce shi kansa bai taɓa lura da batun hamza ba, alhali da Hausa ya tashi. Tsakanin sashensu da namu tafiyar minti biyar ce, amma sai da na yi wannan abin kunya kafin muka zauna a kan tebur guda. Yanzu muna shirya gajeren rahoto da Ingilishi, mai neman a ƙara jimla ɗaya da misali ɗaya a shafin da ya yi shiru.

Bayan wata guda na koma wurin dattijon malamin da sabon jeri. Ƙasa ta dawo mazauninta a sahun gaba, ɗaya na biye, aya kuwa ta gangara can inda ya dace da ita. Na yi masa bayanin lambobi da gurabe gwargwadon iyawata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato ita na'urar ba ta yi ƙarya ba?"

Na ce, "Ba ta yi ba, Allah ya gafarta Malam. Abin da na ce ta yi shi ta yi."

Ya ce, "To, shafukan nan bakwai fa?"

Na ce na cire su. Ya ce kada in yar, in adana, domin wata rana zan sami ɗalibin da zai zo mini da sakamako mai daɗin ji. Suna nan a cikin wani fayil da na raɗa wa suna "ƙi", kuma duk lokacin da na kwafe shi zuwa wata kwamfutar nakan tsaya in duba ko ƙugiyar tana nan.